Daidaito da sauye-sauye a jikin halittu masu rai: tambayoyi da amsoshi kan abin da lissafi ke cewa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban ilimin halittu, da na kiwon lafiyar al'umma, da na aikin gona, musamman waɗanda suka zaɓi fanninsu don gudun lissafi sai ga shi ya tare su a aji biyu. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi. Wanda ya iya tarawa da ninkawa zai iya bin duk abin da ke nan, sai dai ya ajiye kalkuleta kusa.

Idan an ce jiki ko wani tsarin halitta yana da daidaito, ana nufin ba ya canzawa ke nan?

A'a. Zafin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Selshiyos, amma ba ya zama kan lamba ɗaya: yakan yi ƙasa da asuba, ya ɗaga da yamma, tazarar ta kai rabin digiri ko fiye. Sukarin jini kuwa yana hawa bayan cin abinci, ya sauko bayan 'yan sa'o'i. Abin da ake nufi da daidaito shi ne, idan wani abu ya ture tsarin daga inda ya saba, zai kama hanyar komawa da kansa. Claude Bernard, masanin aikin gaɓoɓin jiki ɗan Faransa, shi ne a ƙarni na 19 ya nuna cewa jiki yana tsare yanayin cikinsa ko da na waje ya sauya. Walter Cannon na jami'ar Harvard ya faɗaɗa batun a shekarun 1920 da 1930.

Mene ne bambancin matsaya da ƙarko? Na ga ana haɗa su wuri ɗaya.

Matsaya ita ce wurin da abubuwan da ke ƙarawa da waɗanda ke ragewa suka yi kunnen doki: haihuwa daidai da mutuwa, zafin da jiki ke samarwa daidai da wanda yake zubarwa. Ƙarko kuwa tambaya ce ta dabam, wato me zai faru idan an ɗan kauce daga matsayar.

Ɗauki ƙwallon goruba ka sa shi cikin ƙwarya. Ko ka tunkuɗe shi, zai yi ta lilo ya koma gindin ƙwaryar: matsaya mai ƙarko ke nan. Kife ƙwaryar ka ɗora ƙwallon a samanta. Idan ka iya saitawa zai tsaya, don haka nan ma matsaya ce, amma iska kaɗan ta isa ta gangarar da shi, kuma ba zai hau da kansa ba. Ka ajiye shi a daɓe mai shafe, duk inda ka tura shi nan zai zauna, ba ya komawa ba ya ƙara nisa. Wannan ta ukun ba ta da yawa a halitta, amma za ta sake ɓullowa a amsar da ke kan mafarauci da abin farauta.

Me ke mayar da tsarin wurinsa?

Martanin da ke ja da baya. Sukari ya hau, jiki ya saki sinadarin insulin, ƙwayoyin jiki su ɗebi sukarin, hanta ta adana wani. Ya yi ƙasa, sai sinadarin glukagon ya sa hanta ta fito da ajiyarta. Akwai kuma martani mai ingizawa, wanda ke ƙara wa abu gudu a inda ya nufa, kamar daskarewar jini a bakin rauni ko ƙaruwar naƙuda. Irin wannan jiki na amfani da shi ne inda ake so a gama abu da sauri, kuma dole a sami abin da zai kashe shi.

To idan akwai martani mai ja da baya, me ya sa wasu abubuwan ke ta hawa da sauka ba sa lafawa?

Yawanci saboda jinkiri. Martanin da ya iso a makare yana gyara kuskuren da ya riga ya wuce, sai ya zarce ya haifar da sabo. A shekarun 1950 A. J. Nicholson ya yi kiwon ƙudajen da ke addabar tumaki a Ostireliya cikin keji, yana ba su abinci adadi ɗaya kullum, yanayin ɗakin ma bai sauya ba. Duk da haka yawansu ya riƙa tashi sama yana faɗuwa ƙasa warwas, zagaye bayan zagaye. Dalili shi ne cunkoson yau ba ya nuna illarsa sai bayan kwanakin da ƙwai ke ɗauka kafin ya zama babban ƙuda.

Akwai makamancin haka a asibiti. Wasu masu ciwon zuciya numfashinsu kan yi ta ƙaruwa, ya ragu, ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya sake farawa, abin da likitoci ke kira numfashin Cheyne-Stokes. Jini ne ke tafiya a hankali, don haka labarin yawan iskar kabon da ke cikinsa yana isa ƙwaƙwalwa a makare. Michael Mackey da Leon Glass sun rubuta lissafin wannan a 1977.

Mene ne samfurin lissafi, kuma me ya fi bayani da baki?

Samfuri shi ne ka rubuta zatonka game da yadda abu ke aiki cikin lambobi da alamomi, yadda za a iya bin sakamakonsa har ƙarshe. Da baki kowa zai ce "dabbobi na ƙaruwa har abinci ya gaza." Amma shin a hankali za su isa iyakar, ko za su zarce ta su faɗo? Baki ba ya raba wannan gardama. Pierre Verhulst ɗan Beljiyam ya rubuta amsa ɗaya a 1838: ƙaruwa tana sauri lokacin da ake 'yan kaɗan, tana ja baya yayin da ake kusantar abin da muhalli zai iya ɗauka, har ta tsaya. A farkon shekarun 1930 Georgy Gause ya gwada haka a Mosko da ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya cikin kwalabe, kuma yawansu ya bi wannan siffa sosai.

Ta yaya ake gane ƙarkon matsaya da lissafi? A ba ni misalin da zan iya yi da hannu.

Ɗauki ƙwaron da ke haihuwa sau ɗaya a shekara. Ka kira yawansa x, lamba tsakanin 0 da 1, inda 1 ke nufin wurin ya cika maƙil. Ka kira ƙarfin haihuwarsa r. Dokar ita ce: yawan baɗi = r × x × (1 − x). Idan r bai kai 1 ba, ƙwaron zai ƙare. Idan ya wuce 1, akwai matsaya a 1 − 1/r.

Sa r = 2.5, matsayar ta zama 0.6. Fara daga 0.7 ka yi ta maimaitawa: 0.525, 0.623, 0.587, 0.606, 0.597. Ka lura kowace shekara yana tsallaka 0.6 zuwa ɗaya ɓangaren, amma tazarar tana raguwa da kusan rabi. Wannan rabin ba dace ba ne. Kusa da matsayar, duk kaucewa ana ninka ta ne da 2 − r, a nan −0.5. Alamar ragi ita ke sa tsallakawa, girman lambar kuma shi ke yanke hukunci: ƙasa da 1 kaucewa na shanyewa, sama da 1 tana girma. A samfuran da ke da abubuwa da yawa lissafin ya fi haka tsawo, amma tambayar ɗaya ce.

Gaskiya ne doka ɗaya mai sauƙi za ta iya haifar da hargitsi?

Gaskiya ne, kuma dokar da ke amsar da ta gabata ta isa. Da r ya wuce 3, lambar nan 2 − r, in an cire alamar ragi, ta fi 1 girma, matsayar ta rasa ƙarkonta. Sa r = 3.2 za ka ga yawan ya koma tsalle tsakanin 0.513 da 0.799, shekarar yalwa da shekarar ƙaranci bi da bi. Kusa da 3.45 zagayen ya zama na shekara huɗu, sannan takwas, kuma daga wajen 3.57 yawanci ba sauran maimaituwa. Gwada r = 3.9 daga 0.2: 0.62, 0.92, 0.30, 0.82, 0.57, 0.96, 0.16. Wanda aka miƙa wa waɗannan lambobi ba tare da dokar ba zai rantse fari ne ko annoba ke juya ƙwarin, alhali babu abin da ya taɓa su daga waje. Sannan idan ka fara daga 0.201 maimakon 0.2, shekarun farko za su yi kama, daga baya hanyoyin biyu su rabu kwata-kwata. Tunda ba wanda zai iya ƙirga ƙwari a daji ba kuskure ko kaɗan, hasashen nesa ya gagara ke nan ko da an san dokar.

Robert May ne ya jawo hankalin masana halittu ga wannan a mujallar Nature a 1976. An tabbatar da shi a ɗakin gwaji a 1997, lokacin da Robert Costantino da abokan aikinsa suka sarrafa yawan mutuwar ƙwaron garin fulawa har yawansa ya shiga hargitsin da lissafi ya hango. A daji kuwa nuna shi na da wuya ƙwarai, don bayanan shekaru ba su da tsawo kuma yanayi na cakuɗa komai. Ɗalibi ya yi hattara da saurin kiran duk zanen da ya karkace hargitsi.

Mafarauci da abin farauta fa? An ce su ma zagaye suke yi.

Umberto D'Ancona ya duba bayanan kasuwannin kifi na tekun Adiriyatik ya ga abin mamaki: a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kamun kifi ya ragu, rabon kifaye masu cin 'yan uwansu ya ƙaru. A tashar Fiume ya tashi daga kusan kashi 12 cikin 100 a 1914 zuwa kusan 36 a 1918. Ya kai wa surukinsa, masanin lissafi Vito Volterra, wanda ya fitar da samfurinsa a 1926. Alfred Lotka a Amurka ya riga ya isa ga lissafi iri ɗaya ta tasa hanyar. Abin farauta ya yawaita, mafarauta su ƙoshi su hayayyafa, su cinye shi, yunwa ta rage su, shi kuma ya farfaɗo. Aibin samfurin shi ne zagayensa irin ƙwallon kan daɓe ne: duk abin da ya ture shi ya sauya girman zagayen har abada, ba abin da ke mayar da shi.

Misalin da ke cikin kowane littafi shi ne zomon dusar ƙanƙara da kyanwar dajin Kanada, waɗanda bayanan cinikin fatu na kamfanin Hudson's Bay suka nuna suna zagaye duk bayan kusan shekara 10. Amma gwajin da Charles Krebs da tawagarsa suka yi a yankin Yukon, aka wallafa a 1995, ya nuna labarin ya wuce dabbobi biyu. Katange mafarauta ya ninka yawan zomaye sau 2, ƙara abinci ya ninka sau 3, haɗa biyun ya ninka sau 11.

Me ake nufi da zazzaɓin cizon sauro mai ƙarko da mara ƙarko?

Ronald Ross ya nuna da lissafi tun 1911 cewa ba sai an kashe sauro duka ba: akwai iyakar da idan yawansa ya faɗi ƙasa da ita cutar za ta mutu da kanta. George Macdonald ya gina a kan haka a shekarun 1950 da lambar da ake rubutawa R0, wato mutum nawa mai cutar guda ɗaya zai jawo wa kamuwa a cikin jama'ar da ba ta da garkuwa. Sama da 1 cuta na yaɗuwa, ƙasa da 1 tana ƙarewa. Ya kuma raba wurare biyu bisa yawan cizon mutum da sauro ɗaya ke yi a tsawon rayuwarsa: ƙasa da 0.5 cutar ba ta da ƙarko, sama da 2.5 ta kafu. Inda ba ta kafu ba, takan yi shiru shekaru sannan ta ɓarke ta kwashi manya da yara, kamar annobar Siri Lanka ta 1934 zuwa 1935. Inda ta kafu, kowace damina tana nan, manya sun sami wata garkuwa, nauyin ya faɗa kan ƙananan yara da masu juna biyu.

Gwaji mafi shahara a kan wannan a ƙasar Hausa aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da aikin Garki, a ƙauyukan da a lokacin ke jihar Kano, yau kuma Jigawa. An fesa maganin propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa magani. Feshi ya rage ƙarfin yaɗawar sauro da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ƙwayar cutar a jini ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Inda aka haɗa da magani ya faɗi ƙasa sosai, sai dai yaɗuwar ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta koma inda take. Ga wanda ya fahimci R0 wannan ba abin mamaki ba ne: lambar da ta kai ɗaruruwa ko ka cire mata kashi 90 tana nan sama da 1 nesa. Wani ɓangare na saurayen kuma ba sa hutawa a bangon ɗaki, don haka feshin bai same su ba. Daga wannan aiki ne Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka fitar da samfurinsu na 1974, wanda ya shigar da garkuwar jiki cikin lissafin.

Abin lura a nan shi ne ƙarko ba yabo ba ne. A Garki cutar ce ke da shi. Siri Lanka ma ta ɗanɗana ɗaya gefen: ta sauko zuwa mutum 17 kacal a 1963, aka sassauta, kafin ƙarshen shekarun 1960 masu kamuwa suka koma dubban ɗaruruwa. Sai a 2016 aka tabbatar ta rabu da cutar.

Me ya sa ƙyanda ke zuwa a kan ƙa'ida a wasu wurare, a wasu kuma ba a san ranar zuwanta ba?

Wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi, don haka kowace ɓarkewa tana cinye yaran da za su iya kamuwa, sai ta jira haihuwa ta tara sababbi. Kafin rigakafi, a manyan biranen Ingila wannan ya ba da zagaye na shekara biyu-biyu, buɗe makarantu da rufe su na kaɗa shi. Maurice Bartlett ya lura a 1957 cewa garin da bai kai mutum kusan 250,000 ba cutar kan ƙare a cikinsa tsakanin annoba da annoba, sai an sake shigo da ita.

A Yamai labarin ya bambanta. Binciken Matthew Ferrari da abokan aikinsa na 2008 ya nuna ƙyanda na tashi da rani, ta faɗi da saukar damina, kuma wannan bambanci na lokuta ya fi na Ingila ƙarfi nesa. Haɗe da yawan haihuwa, ya jefa cutar cikin irin yanayin da aka bayyana a amsar hargitsi: babbar annoba, sai shekaru na kusan shiru, sai wata ba sanarwa. A 2011 Nita Bharti da tawagarta suka auna hasken dare daga tauraron ɗan'adam a Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka ga cikar birane da 'yan cin rani tana tafiya tare da tashin cutar. Shekarun shiru a irin wannan wuri ba shaida ba ce cewa rigakafi ya wadatar, lokaci ne da yaran da ba su da kariya ke taruwa.

Me ya hana sikila ɓacewa, tunda tana kashe masu ita?

Wata matsaya ce mai ƙarko, amma a cikin gado. Anthony Allison ya nuna a 1954 a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Idan ƙwayar gadon sikila, wato S, ta yi ƙaranci, kusan duk masu ita AS ne, suna rayuwa fiye da masu AA, sai ta ƙaru. Idan ta yi yawa, haihuwar SS ta yawaita, sai ta ragu. Matsayar ita ce asarar AA a raba da jimlar asarar AA da ta SS. A ɗauka, don misali kawai, AA na asarar 0.15, SS na asarar 1: S za ta zauna a 0.13, masu AS su kai kusan kashi 23 cikin 100, wanda bai yi nisa da abin da ake gani a Najeriya ba. A Garki ma an ga rabon masu AS ya fi yawa a cikin waɗanda suka haura shekara biyar fiye da cikin jarirai.

Sauye-sauye alamar matsala ce kullum?

Ko kaɗan. Tazarar da ke tsakanin bugun zuciyar mai lafiya ba ta zama ɗaya, tana gajarta da shaƙar numfashi, ta tsawaita da fitar da shi. Bayan ciwon zuciya mai tsanani, marasa lafiyar da wannan bambanci ya ragu sosai a jikinsu sun fi shiga haɗarin mutuwa. Ƙwayoyin bakteriya masu gado iri ɗaya a kwalba ɗaya ma ba sa aiki iri ɗaya. Joseph Bigger ya gano a 1944 cewa fenisilin kan bar 'yan tsiraru da rai, ba don sun gagari maganin ba, sai don sun yi likimo lokacin da ya zo.

Tsari zai iya samun matsaya mai ƙarko fiye da ɗaya?

Zai iya, kuma a nan ne haɗari yake. Ƙaramar tura ana shanye ta, babba kuwa tana tsallakar da tsarin zuwa wani hali da shi ma yake riƙe kansa, ta yadda cire abin da ya jawo matsalar ba ya isa a koma. C. S. Holling ya bambanta saurin komawa da girman turar da tsari zai iya jurewa a 1973. Imanuel Noy-Meir ya nuna a 1975 cewa makiyaya ɗaya da adadin dabbobi ɗaya na iya zama cikin ciyawa mai yalwa ko cikin ƙarancinta, gwargwadon inda aka faro. Kifin kod na gaɓar Newfoundland ya durƙushe har Kanada ta hana kamunsa a 1992, dubban masunta suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka ɗage haramcin.

Ta yaya zan raba sauyin da doka ta haifar da wanda sa'a ta haifar?

Fara da duba yawa. A cikin dabbobi 10, mutuwar uku a jere ta iya zama rashin sa'a kawai kuma ta kai su ga ƙarewa, a cikin miliyan irin wannan ba ya ko motsa lissafi. Cuta ma haka: a samfuri mafi sauƙi, mai cuta ɗaya da ya shigo gari yana da damar 1/R0 ta cewa sarƙar za ta yanke da kanta, wato rabi idan R0 = 2. Sannan ka zana yawan bana a gefe ɗaya, na baɗi a ɗaya gefen. Lambobin r = 3.9 da ke sama, duk da kamar ba su da kai, za su jeru a kan lanƙwasa guda mai siffar tudu. Lambobin da aka zaro ta ƙuri'a za su warwatsu ko'ina. Bayanan gaske yawanci suna faɗawa tsakani, shi ya sa samfuran yau ke haɗa doka da sa'a, a gudanar da su sau dubbai a kwamfuta, a ba da amsa a matsayin tazara maimakon lamba ɗaya.

Daga ina zan fara idan ina so in gwada da kaina?

Excel ko Google Sheets ya isa. Sa r a gida ɗaya, x na farko a wani, rubuta dokar ƙwaron nan a gidan da ke ƙasa, ka ja ta layi 100, ka zana. Sauya r daga 2.8 zuwa 3.2, 3.5, 3.83 da 3.9. A 3.83 za ka tarar da zagayen shekara uku zaune a tsakiyar yankin hargitsi. Bayan haka ka gwada samfurin annoba na Kermack da McKendrick na 1927, mai rukuni uku: waɗanda za su iya kamuwa, masu cutar, da waɗanda suka warke. Idan layukan suka fara yi maka yawa, ka koma manhajojin lissafi na R ko Python, dukansu kyauta ne.